LISSAFI: Sau biyar da ƙidayar dala

Ƴan'uwa manoma da ƴan kasuwa na Gaya, darasinmu na yau sau biyar ne. Dalili kuwa, a baki muna ƙirga kuɗi da dala, amma a takarda ana rubuta su da tamma. Tamma 5 su ne dala guda. Wanda bai san wannan ba, in ya ga 400 F a takarda, sai ya ɗauka dala 400 ne, ya biya kuɗin har sau biyar. Alhali dala 80 ne kawai.

Ku karanta da ƙarfi, ku hardace:

5 x 1 = 5
5 x 2 = 10
5 x 3 = 15
5 x 4 = 20
5 x 5 = 25
5 x 6 = 30
5 x 7 = 35
5 x 8 = 40
5 x 9 = 45
5 x 10 = 50

Ku dubi ƙarshen amsoshin: 5, 0, 5, 0. Duk lambar da ta ƙare da 5 ko da sifiri, ninkin biyar ce. 375 ninkin biyar ce. 372 ba ninkin biyar ba ce. Saboda haka in kun yi ciniki da dala, kuka ga jimla ta ƙare da 2 ko 7, akwai kuskure. A sake lissafi.

Daga dala zuwa tamma: a yi sau biyar. Dala 20 su ne 100 F. Dala 200 su ne 1000 F, wato jikka guda.

Daga tamma zuwa dala: a ninka lambar sau biyu, a jefar da sifirin ƙarshe. 375 sau 2 ya ba da 750. A cire sifiri, saura 75. Ke nan dala 75.

Hattara! In kun ƙetare gada zuwa Malanbil, ƙasar Benin, kuɗinmu ɗaya ne, sefa. Amma a Kamba, ƙasar Nijeriya, naira ake kashewa tun 1973. Abin da aka rubuta shi ake faɗi, babu sau biyar.

AIKI
1. Waɗanne ne ninkin biyar: 64, 85, 110, 203?
2. Mai rake ya sai da kara 9, kowane dala 5. Dala nawa ya samu? Tamma nawa ke nan?
3. An rubuta 650 F a takardar buhun taki. Dala nawa za a biya?

Ku kai amsa wurin malamin yaƙi da jahilci na garinku.