Wanda Aka Ba Aikin Jama'a Tilas Ya Iya Shi

 Darasin wannan mako ya shafi wani al'amari wanda mutane da yawa suke ɗauka na Gwamnati ne kaɗai, alhali kuwa malaman fiƙihu sun daɗe da sanya shi cikin wajiban addini, watau samar da mutanen da suka iya ayyukan jama'a.

A ran 1 ga Oktoba, 1996, aka cire Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato, aka sa hedkwatarta a Gusau, tana da ƙananan hukumomi 14. Yanka jiha aikin dare ɗaya ne, amma likita da injiniya da akanta da malamin lissafi ba a samunsu da sanarwar rediyo. Wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Gusau ta ratsa gindin dutsen Kwatarkwashi ta nufi Tsafe, zai ga makarantu da ɗakunan shan magani gefen titi, waɗansu ma da sabon fenti. Abin tambaya shi ne, idan naƙuda ta tsananta wa mace cikin dare, wa za ta tarar a cikin ginin? Bango ba ya karɓar haihuwa, allo kuma ba ya karantar da kansa.

Shari'a ta gindaya sharuɗɗa biyu ga mai riƙe aikin jama'a: riƙon amana da iya aikin. Alƙur'ani Mai girma ya ba da labarin Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, sa'ad da ya nemi Sarkin Masar ya danƙa masa taskokin ƙasa. Hujjar da ya kawo ita ce zai tsare su, kuma yana da sanin yadda ake yi. Bai tsaya ga ɗaya ya bar ɗaya ba. Jama'a sun fi kula da sharaɗin farko, domin kuwa ɓarawon ma'aikaci kowa ya san laifinsa. Amma mai gaskiyar da bai iya aiki ba shi ma yana ɓarna, sai dai tasa ba a ganinta da wuri. Sahabi Abu Zarri, Allah Ya yarda da shi, ba wanda yake shakkar tsoron Allahnsa, duk da haka da ya nemi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi wani muƙami, sai ya hana shi, ya nuna masa yana da rauni a wannan fanni, kuma muƙami amana ce wadda za ta zama nadama ranar Alƙiyama ga wanda bai sauke haƙƙinta ba. Amru ɗan Asi kuwa, a shekara ta 8 bayan Hijira, watanni kaɗan da musuluntarsa, aka ba shi jagorancin rundunar Zatus Salasil, har Abubakar da Umaru suka yi yaƙi a ƙarƙashinsa. Sun fi shi daraja nesa ba kusa ba, amma shi ya ƙware da dabarun wannan fage.

To, idan babu waɗanda suka iya fa? Sai a koyar. Bayan yaƙin Badar, fursunonin da suka iya rubutu amma ba su da kuɗin fansa, an sa kowanensu ya koya wa yara goma na Madina rubutu. Mai karatu ya lura, waɗannan malamai mushirikai ne da suka zo da takubba, amma ba a ƙi karɓar ilmin da ke hannunsu ba. Haka kuma Manzon Allah ya umurci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa domin wasiƙu, ya kuwa koye shi cikin kimanin rabin wata. A yau irin wannan shi ake kira tura ma'aikaci kwas.

Irin wannan ilmi malamai suke kira farilla ta kifaya: idan waɗansu suka ɗauke, an sauke wa saura, idan kowa ya bari, laifin ya hau kan gari duka. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya lissafa likitanci da lissafi a cikinta, a littafinsa Ihya'u Ulumiddini, har ya yi kukan cewa garuruwan Musulmi da yawa ba su da likita Musulmi, alhali ɗalibai sun yi cincirindo wajen jayayyar mas'alolin fiƙihu. A nan ƙasar Hausa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje littafin Usulus Siyasa, inda ya nuna masa cewa yana cikin aikin shugaba ya kula da masu sana'a, irin su manoma da maƙera da maɗinka da marina da masu magani, ya kuma raba su cikin garuruwa gwargwadon bukata. Wannan rabawa ita ce wuyar, domin kuwa har yanzu ita ce ke gagarar hukuma: ma'aikata sun taru a babban birni, ƙauye ya zama wurin da ake tura wanda ba shi da uwa a gindin murhu.

Zamfara ta ɗanɗana kuɗar wannan rashi a shekarar 2010. A ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, masu haƙar zinariya suna kawo duwatsu cikin gida suna niƙawa, ba su san akwai gubar dalma a ciki ba. Ƙurar ta cika tsakar gida inda yara ke rarrafe, sai yara suka shiga jijjiga suna mutuwa, ana zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka ga maganin da ake bayarwa ba ya ci, aka aika da jinin yaran Turai aka auna, sannan aka gane cutar. Yara fiye da 400 suka rasu, garin Bagega kuwa ba a kankare masa gurɓatacciyar ƙasa ba sai a 1434 bayan Hijira, watau 2013. Ajali na Allah ne, ba mai musun wannan. Amma ƙaddara ba ta ɗauke wa al'umma tambayar da za a yi mata: ina masu duba ma'adinai, ina duba-gari, ina mai gwajin jini, waɗanda ya wajaba a ce an horar tun kafin ranar?

Magabata na kusa sun fuskanci irin wannan. Lokacin da mulkin kai ya gabato, ofisoshin Jihar Arewa cike suke da Turawa da mutanen Kudu, sai Gwamnatin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta dage wajen horar da 'yan Arewa. Makarantar Koyon Aikin Mulki ta Kongo a Zariya ta riƙa karɓar ma'aikatan En'e da ma'aji da akawu tana gyara su, alƙalai ma da rawunansu suka koma aji domin su koyi sabuwar dokar hukunta laifuffuka da aka fara aiki da ita a 1960. Ba su ɗauki wannan ƙasƙanci ba. Wannan darasi ya sake dawowa a Janairun 2000, da Zamfara ta fara aiki da Shari'a a kotunanta, domin haddace littafin fiƙihu daban ne, sanin yadda ake karɓar shaida da rubuta hukunci da ajiye fayil kuma daban.

Yau ba za a ce babu wuraren koyo ba. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda, da Kwalejin Horon Malamai ta Maru, da makarantar koyon aikin lafiya ta Tsafe, da Jami'ar Tarayya ta Gusau wadda aka kafa a 2013. A watan Nuwamba na 2023 Gwamna Dauda Lawal ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi. Sai dai takardar shaida ba ita ce iyawa ba. Shugaban ma'aikata da ya rubuta sunan ƙanen matarsa a jerin masu zuwa kwas domin kuɗin guzuri, ya bar wanda yake riƙe da aikin, ya ci amana sau biyu: ya ci dukiyar baitulmali, ya kuma hana jama'a ilmin da aka saya musu. Tsohon ma'aikacin da ya ɓoye sanin aiki don kada na ƙasa ya kamo shi, har ya yi ritaya ya tafi da shi gida, ya shiga sahun masu ɓoye ilmi. Hukuma kuma, idan ta horar da likita, sa'an nan ta riƙe masa albashi, ko ta tura shi inda 'yan bindiga ke tare hanya ba tare da kariya ba, kada ta yi mamaki in ta ji ya koma Abuja ko Saudiyya. Haƙƙin ɗan ƙwadago shi ma hukuncin Shari'a ne.

Saura magana ɗaya, wadda ta hau kan magidanta. Sau da yawa mutum yakan ƙi yarda namiji ya duba iyalinsa a asibiti, wannan kuwa kishi ne mai asali. Amma shi ɗin ne kuma zai cire 'yarsa daga makaranta tun ba ta gama sakandare ba. To, ungozomar da yake nema, 'yar wa ce za ta zama? Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta horar da jajis tana tura su ƙauyuka su karantar da mata a gidajensu, mahaifinta da ɗan'uwanta Bello kuwa ba su ga aibin ilmin mata ba. A Gusau akwai Kwalejin Horon Malaman Fasaha ta Tarayya wadda mata zalla take ɗauka, akwai kuma makarantar koyon aikin jinya da ungozoma. Daga Kwatarkwashi zuwa can, ko daga Bunguɗu, tafiya ce wadda ba ta kai sa'a guda a mota ba.