Gyaran Jikin Tsohuwar Mota da Maganin Tsatsa a Gida

An shirya wannan darasi ne domin masu tsofaffin motoci na Fadan Kaje da Zonkwa da Madakiya da Kagoro da Kafanchan, da sauran garuruwan kudancin Jihar Kaduna, inda har yanzu akan iske Peugeot 404 a-kori-kura, ko 504, ko Volkswagen mai siffar kunkuru, an ɗora ta bisa duwatsu a bayan gida, kaji suna kwana a cikinta. Da yawa daga cikin motocin nan injinsu bai mutu ba. Jiki ne ya gaza, tsatsa ta ci daɓe da ƙofofi, mai ita ya ga kuɗin gyara ya fi ƙarfinsa, ya jingine ta.

Motocin nan kuwa ba abin yasarwa ba ne. A 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kakuri cikin Kaduna, a shekarar kuma Volkswagen ta fara nata aikin a Legas. Ita 504 a 1968 ta fito a Faransa, a 1975 ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya, ta kuma daɗe tana zaman motar ma'aikatan gwamnati da ta haya a Nijeriya, har aka daina harhaɗa ta a Kaduna cikin shekarun 2000. Tun da aka daina, sababbin ƙofofi da sassan jiki sai ƙara wuya suke yi. Saboda haka wanda yake da ita, abin da ya fi masa shi ne ya ceci ƙarfen da ke hannunsa.

ABIN DA KE KAWO TSATSA

Abu uku ne ke haɗuwa su haifi tsatsa: ƙarfe, da ruwa, da iskar da ake shaƙa. In aka hana ɗaya daga cikinsu saduwa da sauran, tsatsa ba ta samun wurin zama, wannan kuwa shi ne ainihin aikin fenti. Ado daga baya ya zo. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, don haka takan kumbura, ta ɗaga fenti, ta farfashe, ta buɗe sabon ƙarfe ga ruwa. Ƙarfen jikin ƙaramar mota kaurinsa bai cika wuce milimita 1 ba, watau ba shi da abin da zai daɗe yana bayarwa.

Ƙasar Bajju da maƙwabtanta sun fi Kano da Katsina ruwan sama nesa ba kusa ba. Damina takan kama daga Afrilu har Oktoba, jar lakar hanyoyin ƙauye kuwa takan manne a ƙarƙashin mota da saman tayoyi, ta riƙe danshi kwana da kwanaki bayan an ɗauke ruwa. Sai dai akwai abin da ya fi laka ɓarna, wanda manoma da yawa ba su lura da shi ba, shi ne takin zamani. Taki ɗan'uwan gishiri ne wajen cin ƙarfe. Buhu ɗaya in ya yage a bayan a-kori-kura, ruwa ya sauka a kansa, ya gangara cikin gaɓoɓin ƙarfe, ɓarnar da zai yi ta fi ta damina sukutum. Haka nan fitsarin awaki da aladu da ake kaiwa kasuwa, da ruwan batir da ke tsiyaya, da ɗanyar citta da aka bari ta kwana a jiƙe.

BINCIKE KAFIN A SAYI KOME

Kada a sayi ko gwangwanin fenti ɗaya sai an san iyakar cutar. A wanke motar sama da ƙasa, a fitar da kujeru da tabarmar roba, a bar ta ta bushe. Sa'an nan a ɗauki sukundireba a riƙa dannawa da ƙarfi a wuraren da ruwa ke kwanciya: daɓen da ke ƙarƙashin ƙafar direba, da dokin ƙofa na kowane gefe, da gindin ƙofofi, da kewayen robar gilashi, da mazaunin batir, da ramin safayar taya a cikin but. Ƙarfe mai lafiya yakan yi ƙara in an ƙwanƙwasa shi. Ruɓaɓɓe sai ya yi shiru, ko ya burma. Ɗan maganaɗisu yana da amfani a nan, gama inda ya ƙi kamawa, to, wani ya riga ya cike wurin da fila ya shafe da fenti.

Tsatsa mataki uku ce. Akwai ta sama, wadda ta ja launi kawai. Akwai wadda ta yi ɓawo ta rarake ƙarfe amma ba ta huda shi ba. Akwai kuma wadda ta huda. Ta farko da ta biyu aikin gida ne. Ta uku sai an duba inda take.

A nan ne ya kamata mai mota ya natsu ƙwarai. Ƙaramar 504 ba ta da shasi dabam wanda aka ɗora jiki a kai. Jikin nan shi ne ƙashin bayanta. Dokin ƙofa, da ginshiƙan da ke tsakanin ƙofofi, da inda shakazoba ta kama, da inda ake kafa jak, da inda aka ɗaure bel ɗin kujera, su ke ɗauke da nauyin mota, su ne kuma ke tsare mutanen ciki ran da aka yi karo. In rami yana ɗaya daga cikin wuraren nan, ba a cike shi da fila, ba a rufe shi da kwanon rufi da ƙusa, ba a liƙa masa gwangwani. Tilas ne a yanke ruɓaɓɓen ƙarfen, ƙwararren mai walda ya sa sabo mai kauri daidai da na asali. Motar da aka yi wa kwalliya bisa ruɓaɓɓen dokin ƙofa tana iya naɗewa kamar tabarma a gangaren Kagoro, da iyali a ciki. Volkswagen kuwa daɓenta a ɗaure yake da jiki da kusoshi, ana iya raba su a gyara kowanne. Land Rover jikinta galibi alminiyon ne, ba ya jan tsatsa, amma shasinta ƙarfe ne, kuma inda alminiyon ya taɓa ƙarfe yakan yi farin gari ya rarake.

Ramin daɓe ko na but yana da wani haɗari dabam. Hayaƙin salansa yana ɗauke da wata guba marar launi marar wari, wadda ake kira kabon monoksaid. Takan shiga ta ramin, ta sa direba ciwon kai da gyangyaɗi, yara na kujerar baya kuwa su suka fi shaƙa.

LOKACIN AIKI

Ba a fara wannan aiki da damina. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke, kafin hazon hunturu ya yi kauri. Kankara da walda ana iya yin su duk tsawon rani, amma fenti ba ya shiri da ƙura, ba ya shiri da raɓar asuba, ba ya kuma son ƙarfen da rana ta gasa. A samu rumfa mai iska, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, a yi fenti da hantsi.

KANKARA DA FACI

Da farko a cire wayar batir, a fara da ta gefen da aka haɗa da jikin mota. A kankare tsatsa da burushin waya da samfefa mai kaushi, lamba 80, har sai farin ƙarfe ya bayyana, a kuma zarce iyakar tsatsar da kamar faɗin yatsa biyu, domin takan yi rarrafe a ƙarƙashin fentin da ake gani lafiyayye. Ƙananan ramukan da samfefa ba ta kai ba, a shafa musu maganin tsatsa mai asid ɗin fosfarik, wanda ke juya tsatsa ta zama baƙin ɓawo mai tauri da fenti ke iya kamawa. Maganin nan ba ya mai da ƙarfen da ya riga ya tafi, ba ya kuma ratsa ɓawo mai kauri. Mai sayarwa da ya ce a shafa kawai ba sai an kankare ba, kasuwarsa yake ci.

In rami ne a fatar ƙofa ko wani wurin da ba ya ɗaukar nauyi, a yanke shi murabba'i har a kai ƙarfe mai lafiya. A ɗora kwali a zana siffar ramin, a yanko faci daga matacciyar ƙofa ko bonet na wata mota. Ana samun irinsu wurin masu gwangwan a Kafanchan, ko a kasuwar Panteka ta Kaduna. Mai walda ya riƙa ɗiga wuta nan da can, yana barin ƙarfe ya huce, maimakon ya ja layi ɗaya dogo, gama zafi yakan murɗe siririn ƙarfe, gyaran murɗewar kuwa ya fi facin wuya. Bayan an gama a goge walda ta yi daidai, a duba da fitila ta baya ko akwai ƙofar da haske ke fitowa. Duk inda haske ya bi, ruwa zai bi.

Kafin wuta ta matso kusa da bayan mota, lalle ne a sauke tankin mai a kai shi nesa. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, domin tururin fetur ne ke fashewa. A janye wayoyi da bututun mai da na birki daga inda za a yi walda, a ajiye tukunyar kashe gobara da bokitin yashi kusa, wani kuma ya tsaya yana duban ɗaya gefen ƙarfen.

FILA DA FENTI

Fila aikinta daidaita fuska ne kurum. Ana shafa ta bisa tsabtataccen ƙarfe, kaurinta kada ya wuce kamar milimita 3. In lotsawar ta fi haka zurfi, a fara buga ta da guduma ta baya. Ana garwaya ta da ɗan maganin daskarewa, kamar kashi 2 cikin 100, kuma da zafin rani cikin 'yan mintoci take kamewa, saboda haka kaɗan-kaɗan ake kwaɓawa. Fila tana shan ruwa kamar soso. Wanda ya goge ta da jiƙaƙƙiyar samfefa, ko ya bar ta ta kwana a raɓa ba fenti, ya shuka sabuwar tsatsa da hannunsa. A goge ta a bushe, da lamba 80, sa'an nan 180, a naɗe samfefar a jikin ɗan katako don kada yatsu su bar kwari. Tafin hannu ya fi ido gane tudu.

Daga nan sai fentin shimfiɗa mai hana tsatsa, shafi biyu ko uku marasa kauri, a bar kowanne ya bushe. A goge da lamba 400 ko 600, a share da tsumma mai tsabta, sa'an nan a sa fentin launi. Fentin shimfiɗa shi kaɗai ba ya tare ruwa, kada a shiga damina da shi. Bayan facin ma yana bukatar fenti kamar gabansa, ko da yake ba mai ganinsa. Yawancin gyaran da ke kumbura bayan shekara guda daga baya cutar ta sake shigowa.

Akwai fentin zamani mai haɗi biyu, wanda ake zuba wa maganin tauri. Yana da ƙyalli da ƙarko, amma tururinsa yana jawo ciwon asma mai tsanani, takunkumin tsumma kuwa ba ya tare shi. Ba na feshi a tsakar gida ba ne. A bar shi ga masu ɗakin feshi da kayan numfashi.

ƘURA DA YARA

Fentin tsofaffin motoci sau da yawa yana ɗauke da darma, wasu masu gyaran dā ma da narkakkiyar darma suke cike gaɓoɓi. In an goge, sai ta zama ƙura ta sauka a ƙasa inda yara ke rarrafe. Jama'a ba su manta da abin da ya faru a Jihar Zamfara a 2010 ba, inda ƙurar darma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Ƙurar mota ɗaya ba ta kai wannan yawa ba, amma gubar ɗaya ce, tana kuma taɓa ƙwaƙwalwar yaro ko da kaɗan ce. Saboda haka kada a yi gugar fenti kusa da madafa, ko rijiya, ko inda aka shanya citta da masara. A shimfiɗa leda a tattara ƙurar, mai aiki ya sa takunkumi da tabarau da safar hannu, ya wanke jiki ya sake tufafi kafin ya ɗauki yaro ko ya ci abinci. Mata masu ciki su nisanci wurin. Ragowar tina da fenti ba a zuba su a rafi.

BAYAN AN GAMA

Lambar shasi da aka buga a jikin mota ba a yanke ta, ba a goge ta, ba a rufe ta da fila. In tsatsa ta kai wurin, a nemi shawarar ofishin lasisi kafin a taɓa. Wanda ya sake wa motarsa launi ya sanar da ofishin don a gyara takardu, kada ya sha tambaya a hannun 'yan sanda ko jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya. Motar da ta shekara a ajiye kuma, makanike ya duba birki da bututunsa da sitiyari da tayoyi kafin ta hau titi.

A gindin kowace ƙofa da dokin ƙofa akwai 'yan ramuka da masu ƙera mota suka bari don ruwa ya fita. Masu fenti sukan toshe su ba da sani ba. A bi su da 'yar waya a buɗe, a fesa mai ko kakin hana tsatsa a cikin ƙofofin, amma kada ya taɓa roba ko birki. Mutane da yawa sukan shafa baƙin mai a ƙarƙashin mota; yana ɗan taimako, sai dai yana kama ƙura, yana ɓata roba, yana kuma ɗiga a ƙasa. Bayan a-kori-kura a shimfiɗa masa katako ko tamfol kafin a loda taki, a kuma wanke shi da ruwa mai yawa a ranar da aka sauke. Da damina a riƙa ɗaga tabarmar roba mako-mako ana duba danshi, a kuma kakkaɓe lakar saman tayoyi duk ranar da aka dawo daga gona.