Amsar Tambaya: Kwamfutata Ta Cika, Ina Mafita?

Tambaya: Ina ɗaukar bidiyon biki a Kona. Kwamfutata ta hannu ta cika maƙil, kuɗin sabuwa kuma babu. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kwamfutarka. Sayi ma'ajiyar SSD da ƙaramin gidan da ake saka ta, ka jona su ta USB.

Duba ramin kwamfutarka tukuna. USB 3.0 na kai gigabit 5 a daƙiƙa, USB 3.2 Gen 2 na kai 10. Gidan Thunderbolt mai 40 yana da tsada, kuma in babu raminsa a jikin kwamfutarka, ka yi asarar kuɗi.

'Yar siririyar SSD ɗin nan, M.2, iri biyu ce: NVMe da SATA. Tabbatar gidan na karɓar irin taka. Zaɓi na alminiyam, domin zafin bazara yana rage mata gudu.

In ka je Tasawa ko Maraɗi saye, tafi da kwamfutarka, ka kwafi babban bidiyo a gaban mai shago. Akwai jabu.

Kada ka fizge waya ana cikin kwafi. Bidiyon mutane amana ce, ajiye shi wuri biyu.