Darasi: Kashe Wutar Gawayi Kafin Mu Bar Gida

A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, kusan kowane gida a Magarya da ƙauyukan Wurno, Rabah da Goronyo yana da murhun gawayi ko kaskon wuta, don girki da jin ɗumi. A wannan lokaci ne kuma kara da zana da jinkar ɗaki suke bushewa ƙayau, rumbuna cike da gero, iska tana kaɗawa. Garwashi ɗaya ya isa ya cinye abincin shekara.

Me ya sa wuta ke ci? Tana bukatar abu uku: abin ƙonawa, da zafi, da iska. In muka raba ta da ɗaya daga cikinsu, sai ta mutu. Kuskuren da muke yawan yi shi ne mu rufe garwashi da toka, mu ɗauka mun kashe shi. Toka ba ta kashe wuta, ajiye ta take yi. Ai da haka iyayenmu mata suke kwanar da wuta har gari ya waye. Da zarar iska ta yaye tokar, sai garwashin ya farka, mu kuwa muna fadama ko kasuwa ko makaranta.

Ga abin da ya kamata mu yi kafin mu fita:

1. Mu fitar da murhun tsakar gida, nesa da zana da tabarma da kananzir.
2. Mu baza garwashin da ƙarfe, kada mu bar shi a tare.
3. Mu yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan, muna juyawa. Kwarara ruwa gaba ɗaya yana ta da tururi mai ƙona fuska, yana kuma fasa kaskon yumɓu.
4. In ruwa ya yi wuya, mu juye garwashin cikin gwangwanin ƙarfe, mu rufe da murfi ƙam. Rashin iska zai kashe shi, amma sai ya ɗauki lokaci, don haka mu ajiye shi a kan ƙasa.
5. Mu kusantar da bayan hannu. In da sauran ɗumi, da sauran aiki.
6. Kada mu zubar da toka a juji ko gindin danga sai ta huce sarai.

Gawayin da muka kashe bai ɓaci ba. In muka shanya shi, gobe zai sake kamawa.

Akwai wani haɗari kuma. Gawayi mai ci yana fitar da iskar guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. A ɗaki rufaffe tana kawo ciwon kai da jiri, har ta kashe mai barci. Saboda haka kada mu kulle yara ko tsofaffi a ɗaki da kaskon wuta.

In mun je hutu, mu koya wa ƙannenmu wannan. Rigakafi ya fi magani.