HAKKIN ƊAN JINGA A SHARI'AR MUSULUNCI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halatta nema, ya haramta zalunci. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wani irin aiki ne da ya bazu a biranen duniya har ya iso ƙasar nan. Watau aikin da mutum ba shi da albashin wata, ba shi kuma da ubangidan da zai gani da ido, sai dai wayarsa ta yi ƙara, kamfani ya turo masa fasinja ko saƙo ya kai, a biya shi ladan wannan tafiya kaɗai. Kamfanin Uber, wanda aka kafa a Amurka a 2009, ya soma irin wannan aiki a Ikko a 2014, daga baya wasu kamfanoni irin su Bolt suka biyo sahu.

Ita dai jinga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni manomi yakan yi jinga da 'yan ƙwadago su nome masa gona, magini ya yi jingar ɗaki, ɗan dako ya yi jingar kai buhu daga tasha zuwa kasuwa. Abin da ya zo sabo shi ne na ukun da ya shiga tsakani, watau kamfanin da yake riƙe da manhaja. Shi ne yake haɗa direba da fasinja, shi ne yake yanke kuɗin tafiya, sa'an nan ya cire rabonsa a kowace tafiya. Amma idan aka zo batun hakki, sai ya ce direba ba ma'aikacinsa ba ne, abokin hulɗa ne mai zaman kansa, sabo da haka babu fansho, babu hutu da biya, babu kuɗin asibiti. To, yaya wannan al'amari yake a ma'aunin Shari'a?

MATSAYIN ƘWADAGO

Da farko ya kamata mai karatu ya sani aikin lada ba ƙasƙanci ba ne. Buhari ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki ana biyansa 'yan kuɗi kaɗan. Lokacin Hijira kuma shi da Sayyidina Abubakar sun ɗauki ɗan jagora, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, a kan lada, ya nuna masu hanya. A cikin Suratul Ƙasasi Allah ya ba da labarin yadda Annabi Musa ya yi wa dattijon nan na Madyana aiki bisa sharaɗin shekara 8, in ya cika 10 to kyauta ce daga gare shi, dattijon kuwa ya bayyana cewa ba ya nufin ya tsananta masa. A cikin wannan ƙissa akwai ginshiƙan al'amarin duka: an san aikin, an san lokacin, an san ladan, kuma babu ƙuntatawa.

IJARA DA JI'ALA

Malaman fiƙihu sun kasa aikin lada gida biyu. Na farko shi ne ijara, watau a sayi amfanin mutum ko na wani abu a kan lada sananne. Shehu Ibn Abi Zaid, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, ya shardanta a yanke ajali kuma a ambaci ladan. Na biyu shi ne ji'ala, watau a ce duk wanda ya yi abu kaza yana da kaza, kamar nemo raƙumin da ya ɓace. A nan ba a yanke lokaci, kuma ba a cancanci lada sai an gama aikin. Asalinta yana cikin Suratu Yusuf, inda aka yi alkawarin kayan raƙumi guda ga wanda ya kawo ma'aunin sarki.

Shi ma ma'aikacin iri biyu ne. Akwai ma'aikaci keɓantacce, wanda mutum ɗaya ya ɗauke shi na wani lokaci, kamar mai gadi. Wannan yana cin ladansa da zarar ya miƙa kansa ga aiki, ko an sa shi ko ba a sa shi ba. Akwai kuma ma'aikaci na tarayya, kamar tela ko marini, wanda yake karɓar aikin kowa, ya yi cinikinsa da kansa, a biya shi gwargwadon abin da ya yi.

SUNA BA YA SAKE HUKUNCI

Malamai suna da wata ƙa'ida, cewa abin lura a ƙulla yarjejeniya shi ne manufa da haƙiƙar abin da ake yi, ba sunan da aka laƙaba masa ba. Wanda ya ba da bashi da ruwa ya kira shi kyauta, bai fita daga riba ba. Haka nan in kamfani ya ce shi dillali ne kurum, la'adarsa halal ce, gama dillanci sana'a ce da malamai suka yarda da ita. Amma fa an san aikin dillali: ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ya karɓi la'adarsa ya koma gefe. Wanda ya yanke farashi shi kaɗai, ya tsara yadda za a yi aikin, ya hukunta wanda ya ƙi karɓa, ya kori wanda ya ga dama, to ya wuce dillali, ya shiga rigar ubangida, kuma nauyin ubangida ya hau kansa.

Abin sha'awa shi ne kotunan da ba na Musulunci ba sun bi ta wannan hanya. Wasu direbobi a Ingila, cikinsu har da Yaseen Aslam da James Farrar, sun kai ƙarar kamfanin Uber, suka yi nasara a kotun ƙwadago a 2016. Kamfanin ya yi ta ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 19 ga Fabrairu, 2021, cewa direbobin ma'aikata ne da suka cancanci albashi mafi ƙanƙanta da hutu da biya. Alƙalan ba su tsaya ga abin da aka rubuta a takarda ba. Sun duba cewa kamfanin ne yake yanke kuɗi, shi yake rubuta sharuɗɗa ba tare da shawarar direba ba, yana matsa wa wanda ya cika ƙin karɓar fasinja, yana auna direba da makin da fasinjoji suke ba shi, yana kuma taƙaita hulɗa tsakanin direba da fasinja. A watan Maris na shekarar kamfanin ya sanar da zai ba direbobinsa na can, fiye da 70,000, waɗannan hakkoki har da fansho.

HAKKOKI HUƊU

Ko da wane suna aka kira ɗan jinga, akwai hakkokin da Shari'a ba ta yarda a tauye masa ba.

Na ɗaya, ya san ladansa kafin ya soma aiki. Manzon Allah ya hana cinikin garari, watau cinikin da ba a san abin da za a samu ba, ijara kuwa ciniki ce ta amfani. Wajibi ne direba ya san inda za shi, da abin da fasinja zai biya, da abin da za a cire. Bai halatta a ƙara la'ada a ɓoye ba, ko kamfani ya yi wa fasinja rangwame don neman kasuwa sa'an nan ya cire daga rabon direba ba da yardarsa ba.

Na biyu, a biya shi da wuri. Ibn Majah ya ruwaito umurnin Manzon Allah na a ba ma'aikaci ladansa tun guminsa bai bushe ba. A cikin Buhari kuma akwai hadisi ƙudusi da ya ambaci mutum uku waɗanda Allah da kansa zai yi husuma da su ranar Alƙiyama, ɗayansu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya ci moriyar aikinsa duka, ya hana shi lada. Wannan ya haɗa da fasinjan da aka kai shi har ƙofar gida sa'an nan ya soma kame-kame, ko ya nuna shaidar tura kuɗi ta ƙarya.

Na uku, kada a ɗora masa asara shi kaɗai. Ƙa'idar Shari'a ita ce mai cin amfani shi ne mai ɗaukar hasara. A ɗauki misali, a ce kuɗin tafiya naira 5,000 ne, la'ada kuwa kashi 20 cikin 100. Kamfani ya ɗauki 1,000 tun daga sama. A cikin 4,000 da suka rage direba zai sayi mai, ya biya mai mota, ya sayi data, ya yi gyara. Idan mai ya yi tsada, rabon kamfani yana nan daram, na direba ne yake zaizayewa. Haka kuwa aka gani a 2023, sa'ad da gwamnati ta janye tallafin mai a ƙarshen watan Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, har direbobin manhaja suka yi yajin aiki a watan Yuni suna neman a ƙara kuɗin tafiya a rage la'ada. Wanda ya riƙe ikon yanke farashi, to shi ne za a tambaya in farashin bai ciyar da mai aikin ba. Haka nan direban da ya yi haɗari ko 'yan fashi suka auka masa a kan tafiyar da kamfani ya tura shi, adalci ne kamfanin ya ɗauki wani kaso na jinyarsa. Hadisin Abu Zarri ya hana a ɗora wa na ƙasa abin da ya fi ƙarfinsa, in kuwa an ɗora to a taimake shi.

Na huɗu, kada a hukunta shi ba a ji ta bakinsa ba. Sau da yawa ƙorafin fasinja guda ya isa a rufe wa mutum manhaja, abincinsa da na iyalinsa ya tsaya rana ɗaya. Sa'ad da Manzon Allah ya aiki Sayyidina Aliyu Yaman, ya gargaɗe shi kada ya yanke hukunci sai ya saurari na biyu kamar yadda ya saurari na farko. Na'ura ba ta ɗauke wa masu ita wannan nauyi.

WAJIBIN ƊAN JINGA

Shi kuma ɗan jinga ya sani hakki ba ya tafiya sai da amana. Siffofi biyu aka yabi Annabi Musa da su lokacin da za a ɗauke shi aiki: ƙarfi da amana. Direban da kamfani ya haɗa shi da fasinja, sa'an nan ya ce wa fasinjan ya soke tafiyar a manhaja su yi ciniki a bayan fage, ya ci la'adar da ya yi alkawarin bayarwa, alhali Musulmi yana kan sharaɗin da ya amince da shi. Haka nan mai zagaye hanya da gangan don kuɗi su ƙaru, da mai ba wani aron sunansa ya yi aiki fasinja bai sani ba, da mai buɗe saƙon mutane. Zaluncin wani ba ya halatta ha'inci. Hanyar neman hakki ita ce haɗa kai da kai kuka inda ya dace, tun da Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ta yi wa ƙungiyar direbobin manhaja rajista a 2023.

TSAKANINSA DA MAI ABIN HAWA

Da yawa daga cikin masu wannan aiki, haka ma 'yan A-daidaita-sahu, ba su ne da abin hawan ba. In an ba mutum mota ko babur ya riƙa kawo kuɗi sanannu kullum ko mako-mako, wannan haya ce ingantacciya. A mazhabar Malikiyya abin haya amana ne a hannun mai haya, ba ya ramawa in ya lalace sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. In kuwa an ce ya yi aiki a raba abin da aka samu, Malikiyya sun ga hayar ta ɓaci domin ba a san ladan ba, amma Imamu Ahmad ya halatta. Sayar da abin hawa bashi da farashin da ya ɗara na hannu, a biya kaɗan-kaɗan, mafi yawan malamai sun halatta, muddin an yanke farashi ɗaya tun farko. Abin da yake riba shi ne a ƙara kuɗi sabo da jinkiri. Wanda kuma ya ƙwace abin hawa don an kasa biyan mako biyu, ya haɗiye duk abin da aka biya shi na watanni, sai ya tanadi amsar da zai bayar gobe Ƙiyama.

TANADIN GOBE

Mai cin ladan yini ba shi da garatuti, sabo da haka sai ya zama ma'ajin kansa. Abin da ya shigo aljihu da yamma ba duka ne riba ba. A fara ware kuɗin mai da na gyara da na mai abin hawa, sa'an nan a ware wani abu, ko yaya yake, don ranar ciwo da ranar tsufa. Adashi halal ne matuƙar kowa zai ɗauki daidai abin da ya zuba. Asusun taimakon juna na 'yan sana'a ɗaya shi ma abin yabo ne, gama Manzon Allah ya yabi Ash'arawa, waɗanda sukan tara abincinsu wuri ɗaya in ya yi ƙaranci su raba daidai. A 2019 gwamnati ta buɗe tsarin fansho na masu sana'ar kansu, mai sha'awa sai ya bincika ya zaɓi asusun da ba ya hulɗa da riba. A kuma guji bashin gaggawa na waya mai ruwa, wanda yakan cinye guzurin mako a kwana biyu.

Hukuma ma tana da nata nauyin. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, sai ya ga ba a yi masa adalci ba in an ci moriyar ƙuruciyarsa aka yar da shi da tsufa, ya sa aka yanka masa abin masarufi daga baitulmali. Haƙƙi ne a kan masu yin doka su fayyace matsayin waɗannan ma'aikata, don kada a wayi gari da dubban tsofaffin direbobi ba mota ba tanadi.

Allah ya ba masu nema halal mai albarka, ya tsare kowa daga cin gumin wani. Allah ne mafi sani.