DARASIN WATA: TSEREN GUDU DA KIWON LAFIYAR JIKI

'Yan'uwa, Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Iyayenmu na Danchadi da Boɗinga da Shagari da ƙafa suke zuwa gona da kasuwa. Mu kuwa yau ko saƙon bayan gida ne sai mun hau babur, ga shi hawan jini da ciwon sukari suna ta yawaita a cikinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci kowane baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Amma mutum ba ya jimrewa sai da abin da ya sa a gaba. Saboda haka muke duba tseren gudu a kan hanya.

Dogon tseren da ake kira maraton kilomita 42.195 ne, tsawon da aka yi a wasannin Olamfik na Landan a 1908. A 1960 Abebe Bikila na Habasha ya ci shi a birnin Rum ba ko takalmi a ƙafarsa. A ƙasarmu an fara tseren kilomita 10 na Okpekpe, Jihar Edo, a 2013, na Legas kuma a 2016. A watan Nuwamba 2020 aka yi na Kaduna, mai kilomita 21 da 10 da 5, domin kowa ya zaɓi daidai ƙarfinsa. Wannan shi ne darasinmu: mai farawa ya ɗauki kilomita 5, burinsa kuwa ya kai ƙarshe lafiya.

Ta yaya za mu shirya?

1. Wanda ya haura shekara arba'in, ko mai ciwon ƙirji, ya je asibiti a auna jininsa tukuna.

2. Mu ba kanmu mako takwas zuwa goma, kwana uku a kowane mako. Mu fara da gudun minti ɗaya, tafiyar minti biyu, muna ƙarawa kaɗan-kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa.

3. Mu fita da sassafe. Daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Sakkwato yakan wuce digiri 40. Da hunturu kuwa, mai asma ya kiyayi ranar da ƙura ta yi yawa.

4. Mu sha ruwa kafin fita da bayan dawowa. Wanda jiri ya kama, ko hankalinsa ya fara rikicewa, a tsayar da shi nan take, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa, a garzaya da shi asibiti.

5. A bakin titi mu riƙa fuskantar motocin da ke tahowa.

In matasanmu suka so shirya tsere a gari, wajibi ne su nemi yardar hakimi, su sanar da 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra, su tanadi ruwa da ma'aikacin lafiya a hanya. Kada kuma a watse sai na ƙarshe ya iso an tafa masa.

Tambayoyi domin tattaunawa:
(a) Minti nawa muka yi tafiya da ƙafa a makon jiya?
(b) Yaushe rabonmu da auna jini?
(c) Wa za mu gayyata mu fara tare ranar Asabar?