Gurɓatar Iska: Asarar Rayuka Da Asarar Dukiya

Idan ana lissafin abubuwan da ke cinye dukiyar ƙasa, akasari akan ambaci fari da ambaliya da gobara, domin su ne ido ke gani. Amma akwai wata asara wadda ba ta zuwa a rana ɗaya, watau mutuwar da gurɓatacciyar iska ke jawowa. Wajibi ne kowane ɗan ƙasa ya san yadda abin yake, domin daga aljihun jama'a kuɗinsa ke fita.

Abin da ya fi yin kisa cikin hayaƙi shi ne wani ɓurɓushi na toka da ƙura wanda masana suka laƙaba wa suna PM2.5. Silin gashin kan mutum ya fi ƙwaya ɗaya tasa kauri wajen sau 30. Saboda ƙanƙantarsa hanci ba ya iya tace shi, sai ya zarce can cikin huhu, wani ma ya shiga jini. Daga nan ne ciwon haƙarƙari ke kama yara, manya kuwa ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da ciwon daji na huhu.

A shekarar 2020 Bankin Duniya ya fitar da sakamakon wani bincike kan birnin Legas. An ƙiyasta cewa a cikin 2018 kaɗai gurɓatar iska ta yi sanadin mutuwar mutum wajen 11,200, kuma kashi 60 cikin 100 nasu yara ne da ba su kai shekara 5 ba. Ɓurɓushin da ke cikin iskar birnin ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar a lokacin kusan sau 7, ita kuwa hukumar ta ƙara rage iyakar da rabi a 2021. Da aka mayar da cututtukan da mace-macen zuwa kuɗi, sai aka sami dala miliyan 2,100, watau kashi 2.1 cikin 100 na dukan abin da jihar ta samar a shekarar.

Mai karatu zai iya tambaya, yaya ake yi wa rai kuɗi? Lalle rai ba shi da farashi, abin da ake aunawa shi ne giɓin da mutuwa ta bari. Hanya ta farko mai sauƙi ce. Alal misali, direban da ya rasu yana da shekara 40, alhali da zai yi aiki har 60, ƙasa ta rasa aikinsa da harajinsa na shekara 20, iyalinsa sun rasa mai ciyar da su, ga kuma abin da aka kashe wajen jinya. Sai dai wannan hanya tana da aibi, domin tsohuwar da ke rainon jikoki ba ta da albashi, saboda haka lissafin kusan ba ya ganinta. Shi ya sa masana suka fi dogara ga hanya ta biyu, inda ake duba abin da jama'a za su yarda su biya don a rage musu haɗarin mutuwa, sannan a tara. Bambancin hanyoyin biyu ba kaɗan ba ne. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2013 duniya ta yi asarar dala miliyan 225,000 bisa hanya ta farko, amma bisa ta biyu asarar ta haura wannan fiye da sau 20.

A Legas, binciken ya ɗora mafi yawan laifin kan motoci da masana'antu da injunan janareta, musamman tsofaffin motoci masu shan man da farar wuta ta yi wa yawa. A karkara kuwa maganar ta murhu ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin cikin gida ya kashe mutum wajen miliyan 3.2 a duniya a 2020.

Abin yana da magani. Bayan hazon hayaƙin kwal da ya kashe dubban mutane a London cikin Disamba 1952, Ingila ta yi dokar tsabtace iska a 1956, sannu a hankali irin wannan hazo ya kau. A Nijeriya, hukumar NESREA da aka kafa a 2007 ita ke da alhakin tilasta bin dokokin muhalli na Tarayya.

Ana kira ga masu motoci da su riƙa kai su gyara da zarar sun fara fitar da baƙin hayaƙi. Kada a ƙona bola ko tayoyi cikin unguwa. A ajiye janareta a waje, nesa da taga. Magidanta su fitar wa madafi taga, mata kuma su sauke goyo kafin su tsuguna gaban murhu.